A Goge Sau Ɗaya, Amma a Goge Sosai: Aikin Ɓoyen da RAM Ɗin Wayarka Ke Sha Kullum

Duk lokacin da ka buɗe WhatsApp, ko kamara, ko manhajar bankinka, akwai wani aiki da wayarka ke yi wanda ba a rubuta shi a jikin kwali, kuma mai shago ba zai taɓa yi maka bayaninsa ba. Kafin ta ba wa manhajar nan wurin aiki a cikin RAM, sai ta fara goge wurin tas, ta cike shi da sifili. Wannan gogewa ita ce ke hana wasan da ka sauke jiya ya tsinci ragowar abin da manhajar banki ta bari. Amma tana cin lokaci, tana cin batir, kuma an gano cewa a wasu wurare ana yin ta sau biyu a kan shafi guda ba tare da wani ya lura ba.

Ra'ayina a kan wannan batu shi ne: gogewar farko wajibi ce, babu ciniki a kanta. Gogewa ta biyu asara ce, ya kamata a cire ta. Sai dai kafin a kira wata gogewa da sunan ta banza, dole wanda zai cire ta ya kawo hujja, domin kuskure a nan ba a jinkirin waya yake tsayawa ba, sirrin mutane ne ke fita. Zan yi bayanin dalilina, kuma a ƙarshe za mu ga yadda abin ya shafi wayar da ke hannunka da wadda kake shirin saya.

Mene ne shafi, kuma wa ke rabon sa?

A ƙarƙashin Android akwai Linux, kuma zuciyar Linux ita ce ake kira kanel. Kanel shi ne mai unguwar wayar: shi ke raba wa kowace manhaja lokacin furosesa, shi ke raba RAM, shi ke tsayawa tsakanin manhajoji da kayan ƙarfen wayar. Ba ya raba RAM bayit-bayit, yanka ta yake yi gida-gida, kowane gida ana kiransa shafi. A yawancin wayoyin da ke hannun mutane yau, girman shafi ɗaya kilobayit 4 ne, wato bayit 4,096. Idan wayarka tana da RAM 4GB, lissafi ya nuna tana da shafuka 1,048,576 ke nan.

Shafukan nan ba na kowa ba ne na dindindin. Manhaja ta karɓa, ta yi aiki, ta mayar, a ba wata. Ka ɗauke su kamar allon aji a makarantar da azuzuwa da yawa ke amfani da ɗaki ɗaya. Malamin lissafi ya fita ya bar rubutunsa, malamin Turanci zai shigo. Idan ba a goge allon ba, 'yan ajin da suka shigo za su karanta duk abin da na baya suka bari, har da amsar jarrabawa in an rubuta ta a wurin. RAM ma haka take. Idan manhaja ta mayar da shafi, abin da ta rubuta a ciki yana nan daram har sai wani ya rubuta wani abu a kansa. Lambar sirri, saƙon da ka karanta, guntun hoto, mabuɗin da aka kulle hirarka da shi, duk suna iya kasancewa a ciki.

Shi ya sa ƙa'idar kanel take a sarari: ba a miƙa wa manhaja sabon shafi sai an cike shi da sifili. Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Tun a 1983 ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar da kundin ƙa'idojin tsaron kwamfuta, kuma daga cikin sharuɗɗan matakin da ta kira C2 akwai cewa kada a sake ba wani mai amfani ma'ajiyar da ke ɗauke da ragowar bayanan wani.

Abin da ke faruwa idan an bar allo da rubutu

Wani zai ce ai wannan tsoro ne kawai na masana. Tarihi ya ce a'a. A 2003 masu bincike na kamfanin @stake suka bayyana wata ɓaraka da aka sa wa suna Etherleak. Ƙa'idar sadarwar Ethernet tana da mafi ƙarancin girman saƙo, don haka idan saƙo ya yi gajarta sai a yi masa ciko. Direbobin katin sadarwa da dama, maimakon su yi cikon da sifili, sai suka riƙa tura duk abin da suka tarar a ƙwaƙwalwa. Wanda ke kan layi ɗaya da kai yana iya turo ƙananan saƙonni, ya riƙa tsintar gutsattsarin bayananka a cikin amsar da na'urarka ke mayarwa.

Shekara ashirin da ɗaya bayan haka, a watan Janairun 2024, kamfanin Trail of Bits ya bayyana wata mai suna LeftoverLocals. Wannan karon a furosesan hoto ne, wato GPU, na kamfanoni irin su Apple da AMD da Qualcomm. Wata ƙaramar ma'ajiya da ke cikin GPU ba a goge ta tsakanin aikin wata manhaja da na wata. Masu binciken sun nuna cewa manhaja ɗaya tana iya sauraren amsar da manhajar ƙirƙirarriyar basira ke ba wani mai amfani a na'ura guda. Ba a fasa wata ƙofa ba, ba a saci wata lambar sirri ba. An bar allo da rubutu ne kawai, wani ya shigo ya karanta.

Saboda irin wannan ne na ce gogewar farko babu ciniki a kanta. Linux yana da wata alama mai suna MAP_UNINITIALIZED da manhaja za ta iya neman ƙwaƙwalwa da ita ba tare da an goge ba, amma ba ta aiki sai a ƙananan na'urorin da aka gina kanel ɗinsu musamman da wannan izini, irin waɗanda mai ƙera su ya san duk manhajar da za ta taɓa gudana a kansu. Wayar da kake sauke manhajoji daga ko'ina ba ta cikin wannan sahu, kuma bai kamata ta shiga ba.

To nawa gogewar ke ci?

Goge shafi ɗaya ba komai ba ne, ƙiftawar ido ma ta yi tsawo. Matsalar tana wajen yawa. Manhajar da ta buƙaci megabayit 200 na sabon wuri ta buƙaci shafuka 51,200, kuma kowanne sai an bi ta kansa. Hoto mai megafiksel 12, idan aka baje shi a ƙwaƙwalwa ana ba kowane ɗigo bayit 4, ya kai bayit miliyan 48, wato sama da shafuka 11,700 don hoto ɗaya tak. Ka tuna kuma manhajoji ba sau ɗaya suke karɓa ba, karɓa suke suna mayarwa duk tsawon yini.

Masu ƙera furosesa sun san da wannan nauyi. Furosesan ARM da ke cikin kusan kowace waya yana da umarni na musamman mai suna DC ZVA wanda ke goge dunƙulen ƙwaƙwalwa a bugu ɗaya, galibi bayit 64. Duk da haka akwai kuɗin da ba a iya kauce masa. Na farko, hanyar da ke tsakanin furosesa da RAM tana da iyakar abin da take ɗauka, kuma GPU da kamara da allon waya duk da ita suke amfani. Na biyu, furosesa yana da wata ƙaramar ma'ajiya mai matuƙar sauri a jikinsa da ake kira kash, inda yake ajiye abin da yake aiki da shi yanzu. Idan aka kwararo sifili mai yawa ta cikinta, sai ta kori bayanan da ake buƙata, a koma ɗauko su daga RAM, wadda ta fi ta jinkiri nesa ba kusa ba. Na uku, duk bayit da aka rubuta wuta ce aka ja daga batir.

Wannan kuɗi ne da ya cancanci a biya sau ɗaya. Biyansa sau biyu aikin baban giwa ne.

Yadda aka wayi gari ana gogewa sau biyu

A watan Satumban 2019 aka saki Linux 5.3, kuma a cikinsa akwai wasu zaɓuɓɓuka biyu da Alexander Potapenko na Google ya kawo: init_on_alloc da init_on_free. Na farko yana sa mai rabon shafuka na kanel ya goge duk abin da zai bayar, ko wanda ya nema ya ce a goge ko bai ce ba. Na biyu yana gogewa ne a lokacin da aka dawo da shafi. Dalilin kawo su shi ne shi kansa kanel yana amfani da ƙwaƙwalwa don ayyukansa, kuma kurakuran da mai shirye-shirye ya manta bai cike wani gurbi ba suna daga cikin hanyoyin da bayanai ke yoyo. Google ya rungumi wannan tsari na cike ƙwaƙwalwar kanel da sifili tun zamanin Android 11 a 2020. Shawara ce mai kyau, rigakafi ya fi magani.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Tun kafin zuwan init_on_alloc, akwai sassan kanel da suka saba yin tasu gogewar da kansu. Babban misali shi ne sashen da ke ba manhaja manyan shafuka. Linux yana iya haɗa shafuka 512 na kilobayit 4 su zama babban shafi ɗaya mai megabayit 2, domin furosesa ya rage wahalar neman adireshi. Daga Linux 6.8 na 2024 kuma aka ƙara matsakaitan girma, irin kilobayit 64, waɗanda suka fi dacewa da waya. Wannan sashe yakan karɓi shafin daga mai rabo ba tare da ya ce a goge masa ba, sannan ya goge da hannunsa. Yana da dalilinsa: yana barin daidai wurin da manhajar ke son taɓawa ya zama na ƙarshe a gogewa, don ya kasance yana nan a cikin kash lokacin da za a yi amfani da shi.

Da aka kunna init_on_alloc, sai mai rabo ya goge megabayit 2 ɗin nan gaba ɗaya, ya miƙa, shi kuma wanda ya karɓa ya sake gogewa daga farko har ƙarshe. Monita ya goge allo, malami ya shigo bai duba ba ya sake bi da dasta. Babu wanda ya yi laifi a cikinsu idan ka kalli kowanne shi kaɗai. Kuma babu abin da ya lalace, shi ya sa ba wanda ya yi kuka: sakamakon daidai yake, lokaci da wuta ne kawai ke tafiya. A furosesan ARM na zamani da na Intel da AMD, ƙananan shafuka na kilobayit 4 ba su faɗa wannan tarko ba, domin can an riga an bar wa mai rabo aikin. Manyan ne suka faɗa, kuma su ne suka fi tsadar gogewa.

Zi Yan, injiniya a kamfanin NVIDIA, shi ya aika facin da ya sa waɗannan sassa su fara tambaya: shin mai rabo ya riga ya goge? In ya goge, a wuce. Facin ya shiga Linux 6.13, wanda aka saki a watan Janairun 2025. Ka lissafa: sama da shekara biyar ke nan tsakanin 5.3 da 6.13, a manhajar da dubban ƙwararru ke karantawa. Irin wannan gyara ne nake ganin ya fi cancantar yabo, domin bai ƙara wa wayar komai ba, bai rage tsaro ko kaɗan ba, aikin da ba shi da amfani kawai ya cire.

Gaggawar cirewa ma tana da nata haɗarin

Labarin bai ƙare a nan ba, kuma sauran shi ne ya fi koyar da darasi. Tun 6.13 yana matakin gwaji, sai aka samu rahoton cewa wata na'ura mai furosesan MIPS ta fara samun matsala. Da aka bincika, sai aka ga ashe gogewa ta biyun ba gogewa kaɗai take yi ba a irin waɗannan furosesoshi. A cikinsu, wuri ɗaya na RAM yana iya bayyana a gurbi biyu daban na kash, gwargwadon adireshin da aka bi aka isa gare shi. Kanel ya goge ta nasa adireshin, manhaja kuma za ta leƙa ta nata, ta iya ganin wani abu dabam. Gogewa ta biyu tana haɗawa da daidaita kash ɗin, don kowa ya ga abu ɗaya. Da aka cire ta, sai daidaitawar ta bi ta. Aka sake yin gyara kafin a saki 6.13 ga jama'a: a irin waɗannan furosesoshi a ci gaba da yin ta biyun, a sauran kuma a tsallake.

Akwai wani misali makamancin wannan da duk mai rubuta manhaja da yaren C ya kamata ya sani. Ka gama amfani da lambar sirri, sai ka kira memset don ka goge ta kafin ka mayar da wurin. Kamfaila, wato manhajar da ke juya rubutunka zuwa yaren na'ura, sai ta duba ta ga babu wanda zai sake karanta wurin nan, ta yanke hukuncin cewa gogewar ta banza ce, ta cire ta ba tare da ta gaya maka ba. Lambar sirrin ta zauna a ƙwaƙwalwa. Saboda wannan ne aka ƙirƙiro explicit_bzero, sannan ƙa'idar C23 ta kawo memset_explicit, waɗanda ba a yarda kamfaila ta cire su ba.

Misalan nan biyu abu ɗaya suke faɗa. Ganin layi biyu suna kama da juna bai isa a ce ɗaya ya yi yawa ba. Tambayar da ya kamata a amsa ita ce: wa ya goge, yaushe ya goge, ta wace hanya, kuma wa ya taɓa shafin daga lokacin zuwa yanzu? In ba a da tabbatacciyar amsa, a goge. Asarar daƙiƙa ta fi sauƙi a kan asarar sirri, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Me zai hana a goge tun da wuri?

Akwai masu wata shawara mai ma'ana. Suna cewa tunda furosesa yakan zauna ba aiki, me zai hana ya riƙa goge shafukan da aka dawo da su a lokacin, ya tara su a gefe, duk wanda ya zo nema a miƙa masa nan take? Windows haka yake yi. Yana da wani ma'aikaci na musamman a mataki mafi ƙasa na fifiko, wanda ba ya motsi sai kowa ya gama, aikinsa shi ne cika jerin shafukan da aka riga aka goge.

Ban raina wannan dabara ba, amma a waya ban gamsu da ita ba. Dalili na farko, furosesan waya idan ba shi da aiki barci ya kamata ya yi, domin a barcin ne batir ke hutawa. Lokacin da ake kira na banza a kwamfutar da ke jone da soket, a waya caji ne. Dalili na biyu, shafin da aka goge tun ɗazu ya riga ya bar kash, don haka idan manhaja ta zo rubutu a kansa sai an sake ɗauko shi daga RAM, alhali wanda aka goge yanzun nan yana kusa. Ba ni kaɗai ke da wannan ra'ayi ba: FreeBSD da DragonFly BSD duk sun taɓa yin gogewar lokacin hutu, kuma dukansu sun cire ta a 2016. A Linux ma an gabatar da irin wannan tun wajen 2004 da 2005, ba ta samu shiga ba. Sauya lokacin yin aiki bai rage aikin ba. Abin da ke rage shi shi ne sanin abin da aka riga aka yi.

Hanyoyin da suka fi burge ni

Mafi kyawun dabarun da ke cikin Linux a wannan fanni duk a kan wannan sani suka ginu. Ta farko ita ce jinkirtawa. Idan manhaja ta ce a ba ta megabayit 500, kanel yakan ce na ba ki, amma bai ware ko shafi ɗaya ba tukuna. Sai ta taɓa shafi sannan a samo shi a goge. In karantawa kawai ta yi ba ta rubuta ba, sai a nuna mata wani shafi guda mai cike da sifili wanda kowa ke tarayya a kansa. Shafin da ba a taɓa ba, ba a goge shi ba, domin ba a ma ba da shi ba.

Ta biyu, idan aka kunna init_on_alloc da init_on_free tare, mai rabo ba ya gogewa a wajen bayarwa, tunda ya san an goge a wajen dawowa.

Ta uku ta shafi wayoyi kai tsaye. Sababbin furosesan ARM suna da wani tsarin tsaro mai suna MTE, wanda ke liƙa wa kowane bayit 16 wata 'yar alama don kama manhajar da ta taɓa inda ba nata ba. Pixel 8 na 2023 ita ce wayar farko da mai ita zai iya kunna shi. Sabon shafi a wannan tsari yana buƙatar abu biyu: a goge bayanai, a saita alamomi. Maimakon a zagaya shafin sau biyu, ARM ya tanadi umarnin da ke yin duka a bi ɗaya, kuma Linux yana amfani da shi.

Akwai kuma inda har yanzu maimaicin yake da saura, wato kwamfutar da ake ƙirƙira a cikin wata kwamfuta, irin waɗanda sabobin intanet ke gudana a kansu, kuma Android ma ya samu tsarin yin su tun Android 13. A nan kanel biyu ne, na mai gida da na baƙo. Baƙo yana iya mayar wa mai gida shafukan da ba ya amfani da su. Idan ya sake buƙata, mai gida zai ba shi gogaggu, domin dole ne. Shi kuma baƙon, da yake ba shi da labarin haka, sai ya sake gogewa kafin ya ba manhajarsa. Maganin shi ne a samu amintacciyar hanyar isar da labari tsakaninsu, da sharaɗin da na faɗa a baya: in akwai shakka, a goge.

Ga masu koyon rubuta manhaja, wannan darasi yana aiki a matakinmu ma. A C, idan kana son babban wuri mai sifili, kira calloc. A tsarin glibc na Linux, idan wurin sabo ne daga kanel, calloc ya san gogagge ne, ba ya sake bi. In kuwa ka kira malloc ka bi da gogewar hannu, kana iya tilasta wa kanel ya ware duk shafukan nan take, ya goge, kai ma ka sake gogewa. A Java da Kotlin, sabon jerin lambobi yana zuwa da sifili a ciki, babu buƙatar ka zagaya kana zubawa.

Ina ruwan mai waya da duk wannan?

Ruwanka yana nan ta fuska uku.

Na farko, manhajojin da ke alƙawarin wanke RAM da ƙara gudun waya. Abin da suke yi shi ne kashe manhajojin da ke jira a baya don su nuna maka babbar lamba ta wurin da ya rage. Amma RAM da ke zaune ba kowa ba ta amfanar ka da komai. Da zarar ka koma WhatsApp ɗin da aka kashe, sai an tashe shi daga farko: a ware masa dubban shafuka, a goge kowanne, a karanto bayanansa daga ma'adana. Ka biya kuɗin da da an bar shi ba za ka biya ba. Android da kansa yana da mai sa ido da ke kashe manhajoji idan wuri ya yi ƙaranci da gaske, kuma daga Android 14 an hana manhaja amfani da hanyar da aka saba don kashe ayyukan bayan fage na wasu manhajoji. In kana da irin wannan manhaja a wayarka, shawarata ka cire ta. Haka ma ɗabi'ar share duk manhajojin da ke buɗe kowane minti biyar, ba ta ƙara wa batir kwana.

Na biyu, lambar RAM da ke jikin kwali. Yanzu za ka ga an rubuta 4GB+4GB, da sunaye irin RAM Plus a Samsung ko MemFusion a Tecno da Infinix. Rabin na biyu ba ƙarin RAM ba ne na gaske, dabara ce ta kwashe shafukan da ba a amfani da su yanzu a ajiye a gefe. Tana taimakawa wajen hana a kashe manhajoji da wuri, amma saurin waya ya dogara ne da yadda kanel ke sarrafa ainihin RAM ɗin da take da ita. Waya mai ƙaramar RAM da furosesa mai rauni ita ta fi jin zafin duk wani aikin banza, domin ba ta da rarar da za ta ɓoye shi. Mai babbar waya ba zai lura ba, mai ƙaramar waya shi ke biya.

Na uku, sabuntawa. Android ba ya bin kowane sabon Linux, yana zaɓar waɗanda aka yi alƙawarin kula da su na dogon lokaci, irin 5.15 da 6.1 da 6.6 da 6.12. Facin Zi Yan ya shiga 6.13, wato taki ɗaya bayan 6.12, don haka wayar da ke kan waɗancan ba za ta same shi ba sai in an ɗauko shi an dasa mata. Kuma yawancin wayoyi a kan zuriyar kanel ɗin da suka fito da ita suke zama har su tsufa, ko da an ɗaga lambar Android ɗinsu. Kana iya ganin naka idan ka shiga saitin waya, ka buɗe bayanin waya, ka taɓa sigar Android. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ranar facin tsaro da ke rubuce a wurin, domin ta wannan hanya ce gyaran ɓaraka irin LeftoverLocals ke isowa, in kamfanin wayar ya damu ya aiko.

Saboda haka idan za ka sayi waya, bayan ka tambayi RAM nawa ce da kamara nawa ce, ka ƙara tambaya ɗaya: shekara nawa kamfanin ya yi alƙawarin aiko da sabuntawa? Wayoyi biyu suna iya zuwa da RAM iri ɗaya a kan kuɗi ɗaya, amma wadda za a ci gaba da gyara wa kanel ita ce za ta daɗe tana riƙe maka sirri, kuma ita ce ke da damar samun irin waɗannan ƙananan gyare-gyare da ke rage wa batir wahala. Mu masu saye ne za mu sa kamfanoni su ɗauki wannan da muhimmanci, kuma ba za su ɗauka ba sai ranar da suka ga muna tambaya kafin mu biya.